Kyamara a Ƙirjin Rafali: Shin Na'ura Za Ta Hana 'Yan Wasa Yi wa Alƙalin Wasa Tsawa?

A daren 11 ga Disamba 2023, a birnin Ankara na ƙasar Turkiyya, alƙalin wasa Halil Umut Meler ya hura usur na tashi bayan Ankaragücü da Rizespor sun yi kunnen doki 1-1. Baƙin sun farke ƙwallon ne ana dab da tashi. Kafin Meler ya bar tsakiyar fili, shugaban ƙungiyar Ankaragücü, Faruk Koca, ya shigo da gudu ya kai masa naushi a fuska. Da ya faɗi ƙasa, wasu kuma suka bi shi da shuri. Hukumar ƙwallon ƙafar Turkiyya ta dakatar da duk wasannin lig na kusan mako guda, aka kuma haramta wa Koca shiga harkar ƙwallo har abada.

Wannan wasa yana da VAR. Akwai kyamarori ta kowace kusurwa, akwai na'urar magana a kunnen alƙalin, akwai wasu alƙalan zaune gaban allo suna duba kowane hukunci. Duk wannan bai hana naushin ba.

Shekaru sama da goma ke nan ana ta cusa na'urori cikin ƙwallon ƙafa, kuma kowace da alkawarin da take zuwa da shi: idan hukunci ya zama daidai, gardama za ta ƙare. Abin da ya faru a zahiri ya fi haka sarƙaƙiya. Wasu na'urorin sun kashe gardama gaba ɗaya, wasu sun sauya mata wuri ne kawai, wasu kuma sun ƙara mata wuta. Bambancin yana cikin yadda aka ƙera kowace na'ura da irin tambayar da aka ba ta ta amsa.

Kati ma ƙirƙira ce

Dokokin ƙwallon ƙafa suna hannun hukumar IFAB, wadda aka kafa a 1886. Tana da ƙuri'a takwas: huɗu na FIFA, huɗu na hukumomin Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Sai an samu ƙuri'a shida ake sauya doka. Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙalin wasa shi ne na ƙarshe, kuma dole a mutunta shi. Doka ta 12 ta ce duk ɗan wasan da ya nuna ƙin yarda da hukunci, da baki ko da aiki, za a ba shi katin gargaɗi. Idan abin ya kai ga zagi ko cin mutunci, jan kati ne.

Shi kansa katin, rikici tsakanin ɗan wasa da rafali ne ya haifar da shi. A gasar cin kofin duniya ta 1966, Ingila ta haɗu da Ajantina a filin Wembley a wasan dab da kusa da na ƙarshe. Alƙalin wasan, Rudolf Kreitlein, Bajamushe ne, ba ya jin Sifaniyanci. Ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, saboda yawan gardama, shi kuwa Rattín ya ƙi fita, yana neman a kawo masa tafinta. Wasa ya tsaya na tsawon mintuna. A lokacin da baki kawai ake yi wa ɗan wasa gargaɗi, har ta kai wasu 'yan wasan sai washegari suke ganin a jarida cewa an rubuta sunansu.

Ken Aston, Baturen Ingila da ke kula da alƙalan gasar, shi ya samo mafita yana tuƙi a Landan, da ya tsaya a fitilar ba da hannu: rawaya a yi hattara, ja a tsaya. Aka fara amfani da katunan a gasar 1970 a Meziko. Kwali ne mai launi, ba batir ba waya, amma ya warware matsalar sadarwa, domin ɗan wasa da 'yan kallo duk suna gane hukuncin a take ko da wane yare suke ji. Wannan ma'auni ne mai kyau na auna sauran na'urorin da suka biyo baya.

Na'urar da ba a yi mata gardama

A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Frank Lampard ya buga ƙwallo ta bugi turken sama ta faɗa can cikin ragar Jamus, amma alƙalin wasa da mataimakinsa ba su gani ba. Wannan kuskure ya sa FIFA ta sauya ra'ayi, IFAB ta amince da fasahar layin raga a 2012. Gasar Firimiya ta fara amfani da ita a kakar 2013/14, sai gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil.

Yadda take aiki ba wuya a fahimta. A tsarin Hawk-Eye, kyamarori bakwai masu saurin ɗaukar hoto suna kallon kowace raga daga saman filin. Manhaja tana nemo ƙwallon a kowane hoto, ta haɗa kusurwoyin ta gano ainihin inda take. Da zarar ƙwallon ta tsallake layi gaba ɗayanta, saƙo zai je agogon da ke hannun alƙalin wasa cikin daƙiƙa ɗaya, agogon ya girgiza.

Duk mai kallon Firimiya ya san abin da ke biyo baya. 'Yan wasa su ɗaga hannu, rafali ya nuna musu agogonsa, kowa ya koma wurinsa. Dalili uku ne suka sa haka. Tambayar amsarta biyu ce kawai, ta shiga ko ba ta shiga ba. Amsar tana zuwa nan take. Sannan babu wani mutum a tsakiya da za a matsa wa lamba, domin babu amfanin yi wa agogo ihu.

Ita ma ta taɓa gazawa. A ranar 17 ga Yuni 2020, mai tsaron ragar Aston Villa, Ørjan Nyland, ya shiga raga da ƙwallo a hannunsa a wasansu da Sheffield United, amma agogon Michael Oliver bai motsa ba. Kamfanin ya nemi afuwa, ya ce jikin 'yan wasa da turken raga ne suka kare kyamarorin, abin da bai taɓa faruwa ba a wasanni sama da 9,000. An tashi 0-0, kuma a ƙarshen kakar da maki ɗaya tak Villa ta tsira daga faɗuwa. Duk da haka mutane ba su daina yarda da na'urar ba, saboda kuskurenta ba shi da yawa.

VAR: gardama ta sauya wuri

An shigar da VAR cikin dokokin wasa a watan Maris 2018, aka yi amfani da ita a gasar cin kofin duniya ta Rasha a shekarar. Firimiya ta karɓe ta a kakar 2019/20. Lokacin da aka fara ta, abu huɗu kawai take dubawa: ƙwallon da aka ci, fenareti, jan kati na kai tsaye, da kuskuren ba wa wani kati a madadin wani. Kuma sai kuskuren ya fito fili ƙarara take sa baki.

A nan matsalar take. VAR ba na'urar yanke hukunci ba ce, mutum ne zaune gaban allo. Ko taɓa ƙwallo da hannu da gangan ne, ko turewar ta kai a ba da fenareti, waɗannan ra'ayi ne, kuma alƙalai biyu za su iya kallon bidiyo ɗaya su saɓa. Bugu da ƙari, VAR ta ba 'yan wasa sabon abin nema. A da idan rafali ya hura, an gama. Yanzu kowa ya san ana iya juya hukunci, don haka zagaye shi da matsa masa ya je ya duba allo ya zama dabara. Shi ya sa doka ta tanadi katin gargaɗi ga wanda ya matsa da zana alamar talabijin da hannu, ko ya shiga wurin da alƙali ke duba allon.

Abin da ya faru a Old Trafford ranar 19 ga Maris 2023 ya nuna cewa daidaiton hukunci ba shi ne maganin fushi ba. Fulham tana gaban Manchester United da ci 1-0 a gasar kofin FA, sai Willian ya tare ƙwallon Jadon Sancho da hannu a kan layi. Chris Kavanagh ya duba allo, ya ba da fenareti da jan kati. Hukuncin daidai ne, bidiyo ya nuna. Amma kocin Fulham, Marco Silva, ya samu jan kati saboda kalamansa, Aleksandar Mitrović kuma ya ture alƙalin, shi ma aka kore shi. United ta ci 3-1, aka dakatar da Mitrović wasa takwas.

Ko a satar gida, inda amsar ta fi kama da lissafi, na'urar tana da iyaka. Kyamarar talabijin da aka saba amfani da ita tana ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin sama da mita takwas a daƙiƙa, wato kusan santimita 17 tsakanin hoto ɗaya da na gaba. Idan mai duba bidiyon ya zaɓi hoton da ke gaba ko baya a matsayin lokacin da aka buga ƙwallo, hukuncin ɗan yatsan ƙafa zai iya juyawa.

Don rufe wannan giɓi aka kawo sabon tsarin gano satar gida a gasar Katar ta 2022. Kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin filin suna bin gaɓoɓi 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, wata 'yar na'ura kuma a cikin ƙwallon tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa don a san lokacin da aka taɓa ta. Firimiya ta fara amfani da nata irin tsarin a watan Afrilu 2025. Wannan ya rage jira, ya kuma matsar da satar gida kusa da irin amsar agogon layin raga. Amma fenareti da jan kati, inda mafi yawan rigimar take, suna nan a hannun mutum.

Ranar da allon ya mutu a Tunisiya

Idan aka saba wa mutane da na'ura sannan ta ƙi aiki, alƙalin wasa ne ke kwana ciki. Afirka ta ga misali mafi muni a ranar 31 ga Mayu 2019, a wasa na biyu na ƙarshen gasar Zakarun Afirka tsakanin Espérance ta Tunisiya da Wydad Casablanca ta Maroko, a filin Radès.

An tashi 1-1 a wasan farko. A na biyu Espérance tana gaba da 1-0, sai Walid El Karti ya ci wa Wydad da ka bayan an dawo hutun rabin lokaci, aka soke ƙwallon a kan satar gida. 'Yan Wydad suka nemi alƙalin wasa Bakary Gassama, ɗan ƙasar Gambiya, ya duba VAR. Ashe na'urar ba ta aiki. Wydad ta ƙi ci gaba da wasa. An shafe sama da awa ɗaya ana jayayya a fili, har shugaban CAF na lokacin, Ahmad Ahmad, ya sauko da kansa. Daga ƙarshe Gassama ya tashi wasan, aka miƙa wa Espérance kofi. CAF ta ce a sake wasan, kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta soke wannan mataki, kofin ya tabbata na Espérance.

A doka, lalacewar VAR ba ta soke wasa, hukuncin alƙali yana nan da ƙarfinsa. Amma a idon 'yan wasan, ikon ya riga ya tashi daga kan mai usur ya koma kan allo. Da allon ya mutu, ba su ga dalilin yarda da mutum ba. Duk mai gina manhaja ya san wannan ƙa'ida: tsarin da ba a tanadar masa abin da za a yi idan ya tsaya ba, kuma ba a sanar da masu amfani da shi ba, bai kammalu ba.

A bari mutane su ji

Wani ɓangare na fushin 'yan wasa da 'yan kallo yana zuwa ne daga rashin sanin abin da ake tattaunawa. A wasan zari-ruga, an daɗe ana jin muryar alƙali kai tsaye a talabijin, kuma ɗan wasan da ya yi masa gardama ana matsar da bugun mita goma gaba. A ƙwallon ƙafa dokokin ba su yarda a watsa hirar alƙali da VAR kai tsaye ba.

An taɓa gwada sa wa rafali makirufo a 1989, a wasan Millwall da Arsenal, don wani shirin talabijin. Abin da aka fi tunawa shi ne muryar Tony Adams yana kiran David Elleray macuci. Daga nan aka daɗe ba a sake ba.

A ranar 30 ga Satumba 2023, Luis Díaz ya ci wa Liverpool ƙwallo mai kyau a gidan Tottenham, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta. Mai kula da VAR, Darren England, ya duba ya ga babu satar gida, amma ya ɗauka cewa a fili an ba da ƙwallon ne, sai ya ce ya gama dubawa. Alƙalin wasa Simon Hooper ya fahimci hakan a matsayin tabbatar da sokewa. Kafin a farga an ci gaba da wasa, kuma doka ba ta bari a koma baya ba. Liverpool ta sha kashi 2-1. Bayan kwanaki hukumar alƙalan ta saki sautin hirar. Kyamarori sun yi aikinsu, layin da aka zana daidai ne. Kuskuren yana cikin kalmomin da mutane biyu suka yi amfani da su, don haka gyaran da aka yi ma na magana ne: mai VAR ya riƙa faɗin hukuncin da aka yanke a fili da abin da zai biyo baya kafin ya rufe dubawa.

Sakin sautin ya jawo wa alƙalan kunya, amma ya rage zargin maguɗi, domin kowa ya ji cewa ruɗewa ce. Yanzu akwai shirin talabijin da shugaban alƙalan Firimiya, Howard Webb, ke kunna irin waɗannan hirarraki yana bayani. FIFA kuma ta fara sa alƙali ya sanar da hukuncin VAR ta lasifikar fili a gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a Maroko a Fabrairu 2023, sannan a gasar mata ta shekarar. Da ƙungiyar Wolves ta nemi a soke VAR a watan Yuni 2024, ƙungiyoyin Firimiya 19 cikin 20 suka zaɓi a ci gaba da ita, tare da neman a inganta bayani.

Kyamara a ƙirji

Manyan alƙalai suna da 'yan sanda da masu gadi. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne mai hura wasan ƙananan lig ranar Lahadi, shi kaɗai a fili, wani lokacin ma matashi ne da bai kai shekara 18 ba. A wani bincike da BBC ta fitar a Fabrairu 2023, alƙalai sama da 900 na Ingila sun amsa tambayoyi, 293 daga cikinsu suka ce an taɓa kai musu hannu, ko 'yan wasa, ko masu horarwa, ko 'yan kallo.

A watan ne hukumar FA, da izinin IFAB, ta fara gwajin ɗaura wa alƙalan ƙananan lig kyamara a ƙirji, karon farko a duniya. An fara a Middlesbrough, sannan Liverpool, Worcester da Essex, da alƙalai kusan 100. Daga baya aka faɗaɗa gwajin.

Kyamarar irin wadda 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa ke ɗaurawa ce a Birtaniya. Ba ta naɗar wasan gaba ɗaya. Alƙali ne ke danna ta idan ya ga abu na neman wuce gona da iri. Irin waɗannan kyamarori suna riƙe 'yan daƙiƙun baya a ma'adana ta wucin gadi, sabo yana goge tsoho, don haka idan aka danna har abin da ya faru kafin dannawar yana shiga. Bidiyon a kulle yake, alƙalin ba zai iya kwafarsa ya tura a WhatsApp ba. Hukuma ce ke buɗe shi idan an zo zaman ladabtarwa.

Wannan ya magance wata tsohuwar matsala. A da idan alƙali ya kai ƙara, maganarsa ce kawai a kan ta mutum goma sha ɗaya da kocinsu. Yanzu akwai shaida. Amma babban amfanin kyamarar yana zuwa ne tun kafin a danna ta. Tana da ƙaramin allo a gaba, wanda ya taso da fushi zai ga fuskarsa a ciki. FA ta ce alƙalan da suka yi gwajin sun fi samun natsuwa, kuma ganin na'urar kawai yana sa mutane su ja da baya.

Akwai wata kyamarar daban da bai kamata a haɗa su ba. Ita ta talabijin ce, ana maƙala ta a gefen kunnen alƙali don mai kallo ya ga abin da idonsa ke gani. Jarred Gillett ya sa ta a wasan Crystal Palace da Manchester United a watan Mayu 2024, FIFA kuma ta yi amfani da ita a gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a Amurka a 2025. Mai zaune a gidan kallo da ke ganin maimaici daga kusurwa shida a hankali, idan ya ga yadda jikin ɗan wasa ɗaya ke kare wa alƙali komai cikin ƙiftawar ido, zai iya rage tambayar yadda aka yi bai gani ba.

Dokoki biyu da ba sa cin batir

Abin mamaki, matakan da suka fi nuna tasiri a kan gardama ba su buƙaci na'ura ba. Daga kakar 2019/20, FA ta kawo fitar da ɗan wasa na wucin gadi a ƙananan lig: wanda ya yi wa alƙali gardama zai zauna a waje minti goma. A lokacin gwaji, hukumar ta ce gardama ta ragu da kashi 38 cikin ɗari. Dalilin a bayyane yake. Katin gargaɗi bashi ne da ake biya daga baya, amma minti goma da mutum goma hukunci ne na yanzu, don haka abokan wasan ne da kansu ke janye mai bakin. A farkon 2024 an yi maganar kawo wannan a manyan gasa da shuɗin kati, amma suka ta yi yawa, shugaban FIFA Gianni Infantino ya ce bai yarda ba, aka ajiye batun.

Na biyu shi ne dokar kyaftin kaɗai. Kafin gasar ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus, shugaban alƙalan UEFA, Roberto Rosetti, ya sanar cewa a manyan hukunce-hukunce kyaftin ne kawai zai tunkari alƙali, shi kuma alƙalin zai yi masa bayani. Duk wanda ya kutso ba kyaftin ba zai ga kati. Idan kyaftin mai tsaron raga ne, sai a zaɓi wani a cikin fili. Masu kallo sun ga bambanci a gasar, UEFA ta faɗaɗa tsarin zuwa sauran gasanninta, IFAB ta shigar da shi cikin ƙa'idojin 2025/26, Firimiya ma ta ɗauka. Wannan ciniki ne: 'yan wasa su ba da sarari, alƙali ya ba da bayani. Rosetti ya kafa hujja da cewa ba a iya yi wa mutum 22 bayani suna kewaye da kai.

Wayar da ke aljihu

Akwai na'ura guda da ba IFAB ce ta kawo ta ba, kuma ita ta fi wahalar da alƙalai. A ranar 31 ga Mayu 2023, bayan Sevilla ta doke Roma a wasan ƙarshe na gasar Europa a Budapest, José Mourinho ya tare Anthony Taylor a wurin ajiye motoci yana zaginsa. An ɗauki bidiyon da waya, ya zagaye duniya kafin gari ya waye. Washegari magoya bayan Roma suka rutsa Taylor da iyalinsa a filin jirgin sama, har aka jefa kujera. UEFA ta dakatar da Mourinho wasa huɗu.

Barazana ga alƙalai ta girmi kafafen sada zumunta. Anders Frisk ɗan Sweden ya ajiye usur a 2005 bayan barazanar kisa da ta biyo wasan Barcelona da Chelsea. Abin da ya sauya shi ne sauri da yawa. Manhajojin X, Facebook da TikTok suna tura wa mutane abin da ya fi jawo martani, kuma guntun bidiyo na daƙiƙa biyar da aka tsayar a kusurwa mafi muni ya fi bayanin doka jawo martani. A Janairu 2025, 'yan sandan Ingila sun buɗe bincike kan barazanar da aka yi wa Michael Oliver da iyalinsa bayan ya kori Myles Lewis-Skelly na Arsenal a wasansu da Wolves. An soke jan katin daga baya, wato akwai hanyar gyara kuskure, kuma ta yi aiki ba tare da barazanar ba.

Tun 2022 FIFA tana da wani tsari da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gano saƙonnin cin zarafi a lokacin gasanninta, ya ɓoye su, ya kai rahoton masu su ga kamfanonin. Yana rage abin da mutum zai gani a shafinsa, amma bai kai ga saƙon da ke yawo a rufaffun zaurukan hira ba.

Inda babu kuɗin VAR

Cikakkiyar VAR tana buƙatar kyamarori da yawa, ɗakin aiki, alƙalai na musamman, wuta da layin sadarwa da ba sa yankewa. Mafi yawan wasannin da ake bugawa a duniya, ciki har da na lig-lig da dama a Afirka, ba su da wannan. Don haka FIFA ta fara gwada wani tsari mai sauƙi da ake kira FVS. An yi amfani da shi a gasar kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, wadda Falconets ta Najeriya ta buga.

A FVS babu alƙalan da ke zaune suna duba komai, kuma kyamarori kaɗan sun isa. Kowane koci yana da damar ƙalubalantar hukunci sau biyu a wasa. Zai juya yatsa a sama, ya miƙa wa alƙali na huɗu kati, sai alƙalin wasa ya je ya duba allo a gefen fili. Idan koci ya yi gaskiya, damarsa tana nan. Idan ya yi kuskure, ya rasa ɗaya. Wannan ya ba ƙorafi ƙofa ta halal, ya kuma sa masa farashi. Wanda ya tabbata an zalunce shi yana da abin yi ban da ihu, wanda kuma ihun dabara ce kawai zai yi tunani kafin ya ƙona damarsa.

Idan aka jera su duka, abin da ya fito shi ne na'urar da ke rage gardama ita ce mai ba da amsa da sauri, wadda kowa ke ganewa, ko mai sa wanda ya yi rashin ɗa'a ya san akwai shaida kuma akwai hukunci. Wadda ke jinkiri, a ɓoye, kuma ta bar ra'ayi a hannun mutumin da ba a gani, tana ƙara zargi ne. Kyamarar ƙirji ma ba ta da amfani idan hukumar da aka kai wa bidiyon ba ta hukunta kowa.

Abin da ke cikin haɗari shi ne samun masu yin aikin. Kowane alƙalin Firimiya ko na gasar cin kofin Afirka daga filin unguwa ya fara, kuma a can ne ake zagin sababbi har su ajiye usur tun ba su ƙware ba. Idan suka ragu, na sama ma ingancinsu zai ragu, kuskure ya ƙaru, zagi ya ƙaru. Shi kuwa Halil Umut Meler ya warke ya koma fili, kuma bayan wata shida ya hura wasa a gasar ƙasashen Turai a Jamus, gasar da aka fara aiki da dokar kyaftin kaɗai. Kotu a Ankara ta yanke wa wanda ya nushe shi hukuncin ɗauri a watan Nuwamba 2024.